Motar Rimot Mai Hawan Dutse: Sayi Wadda Za Ka Iya Gyarawa

 

Yau maganar wasa za mu yi, amma wasan da ke cin kuɗi. Duk mai riƙe da babbar waya ya sha cin karo da bidiyon ƙananan motocin nan na rimot a TikTok ko Facebook, waɗanda ke hawa duwatsu a hankali, taya ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar hawainiya a kan reshe. Matasa da dama sun fara sha'awarsu, wasu iyayen kuma suna so su saya wa 'ya'yansu ta zama tsarabar Sallah. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a irin garuruwanmu, motar da ta dace da kai ita ce wadda za ka iya buɗewa ka gyara, kuma ka iya yi mata caji da abin da ke hannunka. Gudu da kyan kwali da yawan fitilu duk suna baya.

Da farko a bambance iri biyu, domin a nan akasarin kuɗin mutane ke salwanta. Akwai motar rimot ta shagon kayan wasan yara, irin wadda ake tarawa a kasuwannin Gusau da Sakkwato da Sabon Garin Kano idan Sallah ta gabato. Tana da ƙyalli, tana da kiɗa, a kwalinta ma an zana ta a kan dutse. Amma rimot ɗinta abu biyu kawai ya sani: ko ta tsaya cik, ko ta zabura da dukkan ƙarfinta. Sitiyarinta ma haka, ko hagu gaba ɗaya ko dama gaba ɗaya. Jikinta a manne yake, giyarta roba ce marar ƙwari, kuma ba wanda ke sayar da safayarta. Ranar da haƙorin giya ɗaya ya karye, ta zama shara. Kyan ɗan maciji ke nan.

Iri na biyu shi ne na masu sha'awar abin da gaske. Alamarsa ta farko tana rimot: idan ka ɗan taɓa totur, motar za ta ɗan motsa, idan ka ƙara, ta ƙara. Sitiyari ma yana bin hannunka daidai gwargwado. Wannan shi ne jigon hawan dutse, domin mai hawa tudu ba gudu yake buƙata ba, ƙarfi yake buƙata da natsuwa. Shi ya sa ake yi wa irin wannan mota giya mai saukar da gudu ta ƙara ƙarfi, tayoyinta huɗu duk suna ja tare, ko da ɗaya ta rataye a iska sauran ukun ba za su daina aiki ba. Tayar roba ce mai laushi da ke kama dutse, shokozobarta kuma tana barin ƙafafun su karkace ba tare da motar ta kife ba. Irin wannan mota da ƙyar take wuce saurin mutum mai tafiya a ƙasa. Idan mai shago yana yi maka alfahari da cewa tasa tana gudu kamar babur, to ba mai hawan dutse yake nuna maka ba.

Sai maganar girma. Ana auna su ne da babbar mota ta gaske. Mai lamba 1/10 tana nufin ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsawon mota, wato kusan kamu guda ko fiye. A wannan aji ne ake samun Traxxas TRX-4 da Axial SCX10, na kamfanonin Amurka, waɗanda su ne aka fi gani a bidiyoyin da ke ɗaukar hankali. Motoci ne na ƙwarai, ba musu. Amma farashinsu ɗaruruwan daloli ne, kuma sau da yawa batir da caja daban ake sayensu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kowa ya san abin da dala ɗari take nufi a aljihun ɗan Najeriya, ballantana uku ko huɗu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wanda zai taɓa motar sau ɗaya a mako bayan la'asar ba shi da dalilin sayen wannan. Kuɗin rago ne, ko na takin gona guda.

A ɗaya gefen akwai 'yan ƙanana masu lamba 1/24, irin su Axial SCX24, waɗanda za su zauna a tafin hannu. Suna da inganci, ana iya wasa da su a tsakar gida ko cikin zaure a kan 'yan duwatsu da itace. Sai dai ko su sun haura dala 100, kuma saboda ƙanƙantarsu yashinmu yana wahalar da su. Ramin da ƙafar akuya ta bari ma kwazazzabo ne a wurinsu.

Abin da nake ganin ya fi dacewa da mu shi ne na tsakiya, masu lamba 1/16 ko 1/12, na kamfanonin Sin irin su WPL da MN. WPL C24 kamar tsohuwar Hilux take, MN82 kuma siffar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, motocin da idonmu ya saba da su a kan hanyoyinmu. Farashinsu bai kai dala 100 ba. Ba su kai na Amurka ƙarfi ba, kuma wasu sassansu na roba sukan ci bayan an daɗe ana wasa. Amma duk jikinsu da sukurori aka ɗaure, ana kwancewa ana mayarwa, kuma kusan kowane sashe nasu ana sayar da shi daban, har da na ƙarfe da za ka sauya wa na roba idan ya lalace. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wani zai ce ai araha ba ta ado, gara a tara kuɗi a sayi mai tsada sau ɗaya a huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a garin da shagon safaya yake bakin titi. Amma mai tsadar ma tana lalacewa, musamman ɗan injin da ke juya sitiyari, wanda shi ne ya fi saurin mutuwa a kowace irin mota mai hawan dutse. Idan na mai tsada ya mutu a Gwashi, sai ka yi oda daga waje da dala, ka jira makonni, kayan su sauka Kano ko Gusau, sannan ka nemi direban da zai kawo maka. Na mai sauƙin kuɗi kuwa za ka iya sayo guda biyu tun ranar da ka sayi motar ka ajiye. Don haka shawarata, duk abin da ka ware, kada ka kashe shi duka a kan motar. Bar wani kaso na batir na biyu da safayar sitiyari da giya.

Batir shi ne abu na biyu da ya kamata a tambaya kafin a tambayi launi. Mu nan ba wutar da za a dogara da ita; caji na sola ne ko na shagon mai cajin waya. Saboda haka nemi motar da cajarta take shiga USB, yadda fawa bank ko ƙaramin sola zai wadatar. Idan ka samu mai amfani da batir irin 18650, wato dogon batirin nan da ke cikin manyan tociloli da batiran laftof, ka dace, domin masu gyaran waya da sola sun san shi. Guji wadda motar kanta take cin batiran rediyo na yarwa. A wata biyu kuɗin batir zai kamo kuɗin mota. Sannan a kula da batiran nan masu laushi kamar an naɗe su a leda, waɗanda ake kira LiPo, da manyan motocin ke amfani da su. Suna da ƙarfi, amma idan suka huje ko suka kumbura ko aka wuce da cajinsu suna iya kamawa da wuta. A zafin bazara na Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, barin irin wannan batir a rana ko cikin ɗakin kwano a kan katifa ganganci ne. A yi caji a inuwa, a kan siminti ko ƙasa, babba yana kusa. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi.

Na uku, rimot ya zama mai 2.4GHz, za ka ga an rubuta a kwali. Tsofaffin masu doguwar eriya, na 27MHz, idan motoci biyu suka haɗu a fili ɗaya sai rimot ɗin wannan ya riƙa juya motar wancan, daga nan faɗa ya tashi tsakanin yara. Na huɗu, kada a yarda da kalmar "ba ta jin ruwa" a kan mai araha. Damina ta zo, yaro ya tura ta cikin kududdufi, allon lantarkinta ya ƙone. Ƙurar hunturu da yashi ma abokan gaba ne: bayan wasa a goge giya da tsohon burushin haƙori, kuma kada a cika mata maiko, domin maiko yashi yake kamawa ya zama kamar dutsen niƙa.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma ya shafe mu fiye da kowa: a ina za a yi wasan? Wannan mota duwatsu take nema, kuma a yankinmu tarin duwatsun da ya fi jan ido sau da yawa shi ne na wurin haƙar zinare ko inda aka taɓa niƙa dutse. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta buɗe wuraren jinya, aka riƙa kwashe ƙasar gidaje ana sauya ta. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, kuma ƙurarta ce ke shiga cikin yaro ta hannu zuwa baki. Motar da aka yi wasa da ita a irin wannan wuri za ta kwaso ƙurar a tayoyinta ta kai tsakar gida, inda ƙaramin ƙanensa mai rarrafe zai ɗauka ya sa a baki. Don Allah kada a yi wasa a bakin ramin haƙa ko kan tarin dutsen zinare, kuma kada a ɗebo duwatsun can a kawo gida don a yi wa mota tudu. Duwatsun gini da guntun bulo da itacen girki da tsohuwar taya sun isa a shirya filin wasa a ƙofar gida. A wanke hannu kafin cin abinci. Rigakafi ya fi magani.

Haka kuma halin tsaron da muke ciki bai bar wa kowa sha'awar fita bayan gari neman dutse ba. Wannan ma dalili ne na fifita matsakaiciyar mota da tsakar gida zai ishe ta. Masu tunanin sayen ƙaramin jirgin nan marar matuƙi maimakon mota kuma su tuna cewa a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara saboda tsaro. Abin da ke tashi sama da kyamara a wannan yanki yana iya jawo wa mai shi tambayoyin da ba zai so amsawa ba. Mota a ƙasa take, kowa yana ganin abin da take yi.

Na san akwai masu cewa duk wannan shirme ne, ƙato da gemu yana bin motar yara, a lokacin da mutane ke fama da abin sawa a baki. Wanda iyalinsa ke da buƙata, ba shakka buƙatar ce a gaba, kuma ba na goyon bayan kowa ya ci bashi don wasa. Amma wanda Allah ya hore wa, ban ga aibu ba. Mu ne fa muka tashi muna ƙera motar kara da ta gwangwani da ta langa-langa, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, muna ɗaura dogon kara a matsayin sitiyari. A nan yara da yawa suka fara gane yadda taya ke juyawa a kan sanda, kuma ba mamaki wasu kanikawa da masu walda na yau daga nan hannunsu ya faɗa. Motar da aka manne, wadda ba ta buɗuwa, tana koya wa yaro ya danna, ya lalata, ya yi kuka a sayo wata. Wadda ake kwancewa kuwa tana ɗora shi a kan waccan tsohuwar hanya, ta ƙara masa da sanin batir da waya da giya da injin lantarki, ilimin da mai gyaran sola da mai gyaran waya ke cin abinci da shi a kasuwanninmu yau. Idan uba ko yaya ya zauna da yaro suka kwance ta tare, kuɗin bai tafi a banza ba.

Saboda haka kafin ka biya, ko a shago ko ta intanet, yi tambaya huɗu. Totur da sitiyari suna bin hannu a hankali? Tayoyi huɗun duka suna ja? Wane irin batir take ci, kuma da me ake cajinsa? Ana samun safayarta? Idan a shago ne, sa a kunna ta a gabanka, ka ajiye takalminka a ƙasa ka ce ta hau a hankali. Wadda ta zabura ta yi tsalle ko ta tsaya tana kuka, bar masa kayansa. Idan ta intanet ne, duba bayanan waɗanda suka riga suka saya da hotunan da suka ɗora, kada ka tsaya a hoton mai talla. Yara ma za su iya haɗa kuɗi su biyu ko uku su sayi ɗaya mai kyau, ya fi kowa ya sayi tasa ta kwana uku.

Masu irin waɗannan motoci a cikinmu, da masu gyaran waya da suka taɓa buɗe su, muna jiran ku faɗa mana wace iri ce ta jure ƙasarmu, wace ce kuma ta ba ku kunya. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.