Ƙungiyar Farko Ita Ce Makarantar Ɗan Ƙwallo

'Yan'uwana ɗalibai, da wuya a sami ɗayanmu wanda ba shi da ƙane ko ɗan maƙwabci da ke kwana yana tashi da mafarkin zuwa Turai buga tamaula. Mafarkin ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda yara da iyayensu suka ɗauki ƙungiyar gida tamkar tashar mota, inda ake tsayawa kawai a jira dillali. A ra'ayina, shekarun da matashi ya yi a ƙungiyarsa ta farko su ne jarinsa, kuma wanda ya tsallake su yakan biya bashinsu daga baya.

Mu dubi Ahmed Musa. An haife shi a Jos a shekarar 1992, ya koyi wasa a makarantar ƙwallo ta GBS, sa'an nan aka ba da aronsa ga JUTH, watau ƙungiyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. A can ya fara karawa da manyan da suka girme shi nesa, kuma bai ci ƙwallaye masu yawa ba. A 2009 ya koma Kano Pillars, wadda ta ci kofin ƙasa a 2008, ga kuma magoya bayan da ke cika filin wasa na Sani Abacha, waɗanda ba su san lallashi ba. Yaron da bai cika shekara 18 ba ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a gasar ƙwararru ta Nijeriya, har sai da Jude Aneke ya ci 20 a 2011.

Waɗannan ƙwallaye 18 su ne takardar shaidarsa. Da VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta neme shi a 2010, ba ta sayi alkawari ba, ta sayi abin da aka gani a fili. Duk da haka sai da ya jira watan Oktoba ya cika shekara 18, domin dokar FIFA ta hana cinikin ƙananan yara daga wata ƙasa zuwa wata, sai bisa 'yan dalilai ƙalilan. Daga nan ya tafi CSKA ta Mosko a 2012, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta.

Wani zai ce ai Victor Osimhen bai buga gasar gida ba, kuma ya zama gwarzon Afirka a 2023. Gaskiya ne, amma a karanta labarin duka. Bayan ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, ya tafi Wolfsburg ta Jamus a 2017, inda ya sha zaman benci, bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Sai da aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018, ƙungiyar da ba ta kai waccan suna ba amma tana sa shi wasa kowane mako, kana tauraronsa ya haska. Ashe abin da yaro ke bukata shi ne fili, ba sunan ƙungiya ba. Osimhen ya sami mafita. Da yawa waɗanda iyayensu suka sayar da gona don biyan dillali sun ƙare a titunan Turai babu ƙungiya, babu kuɗin komowa.

Sai dai laifin ba na yara kaɗai ba ne. Ƙungiyar da ke riƙe albashin ɗan wasa wata da watanni, ko ta ɗauke shi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, ita ce ke kora shi hannun dillali. Alhali kuwa riƙon amana riba ne gare ta: dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa domin ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wadda ba ta yi wa yaro rajista ba, da wace hujja za ta nemi rabonta?

Mu da Allah ya ba damar karatu, akwai hakki a kanmu. Idan muka koma gida hutu, mu karanta wa ƙannenmu takardar da aka ce su sa hannu, mu tambayi dillali lasisinsa, mu kuma faɗa wa iyaye cewa ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗi kafin ta gwada yaro. Ya fara cin ƙwallo a gida tukuna. In ya ci, masu nema za su zo da ƙafarsu. Allah ya sa mu dace, amin.