Kitsen alade da aka daskarar: tambaya biyu a kan kwalin biskit ɗaya

Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ke matsa wa ƙasashe lamba su raba abinci da kitsen da ake kira tarans, wanda ke toshe jijiyoyin jini har ya kai ga ciwon zuciya. Denmak ce ta fara taƙaita shi a 2003, Afirka ta Kudu ta bi a 2011, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suka fitar da tasu dokar a 2023: kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Abin a yaba ne. Sai dai mu Musulmin Gana, da ba mu kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar ƙasa ba, muna da wata tambayar da wannan yaƙi bai taɓo ba: shi man, daga ina ya fito?

Bari in yi bayani yadda nake yi wa yara a aji. Ana ɗora mai a wuta, a hura masa iskar haidirojin tare da garin ƙarfen nikel, sai ya daskare, ya daɗe bai yi tsami ba. Wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar a 1902. In aka tsaya a rabi, a nan kitsen tarans yake fitowa da yawa. In aka daskarar da shi sarai, ɗan kaɗan ne ke saura. To, ana yi wa man waken suya haka, ana yi wa man auduga, ana kuma yi wa kitsen alade.

Matsalarmu ke nan. Kitsen alade da aka narkar a gida yana da laushi, yana da ƙarni, kuma a zafi irin namu ba ya jimawa sai ya narke ko ya lalace. Wanda ya bi ta masana'anta kuwa fari ne fat, da ƙarfi, kusan ba wari, yana zaune a kan kanta wata da watanni ba firij. Ka ajiye shi kusa da daskararren man tsiro da masu burodi ke saye, wallahi ido ba zai raba maka su ba, hanci ma haka. Abin mamaki, dama don a kwaikwayi kitsen alade aka ƙirƙiro daskararren man tsiron: Crisco ya fito a Amurka a 1911, har aka riƙa tallata shi ga Yahudawa, waɗanda su ma ba sa cin alade.

Saura rubutun jikin kwali. Kalmar "hydrogenated" aikin da aka yi wa man kawai take faɗi, ba ta faɗin asalinsa. Dubi kalmar da ke kusa da ita. In ka ga "vegetable" ko "palm", tsiro ne. In ka ga "lard", ko "saindoux" a kayan da ke shigowa daga Togo da Kwaddibuwa, alade ne, ba wata-wata. In kuwa "animal fat" ko "shortening" aka rubuta aka yi shiru, ni dai ina mayar da shi kan kanta. Lambar E471 ma fuska biyu gare ta, tana iya zama ta tsiro ko ta dabba.

Na ji masu cewa ai tunda an sarrafa shi ya rikiɗe, sun kawo maganar istihala. Fatawa ta malamai ce, amma a kimiyyance kitsen bai daina zama kitse ba, tauri kawai ya ƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne inda dokokin za su tura masana'antu. Duk wanda aka hana shi man da aka daskarar rabi, dole ya nemi wani mai tauri. Yawancinsu manja da aka tace suke komawa, alhamdu lillahi, amma kitsen dabba ma yana cikin zaɓin, kuma a Turai da Amurka masu gashi da dama sun koma yabon kitsen alade da sunan na gargajiya ne. Ke nan kwali zai iya cewa babu tarans ko ɗigo, likita ya gamsu, kai kuwa ba ka tsira ba.

Indunusiya ta ɗanɗana wannan a 1988, lokacin da jita-jitar kitsen alade a abincin gwangwani da biskit ta girgiza kasuwa; a 1989 majalisar malamansu ta kafa sashen binciken halal mai masana kimiyya. Su ne masu rinjaye a ƙasarsu. Mu a Nima da zangunan Kumasi ba mu da wannan nauyin, don haka buƙatarmu ga hukumar abinci da magunguna ta zama ƙarama kuma bayyananna: duk mai ko kitsen da ke cikin kaya, a rubuta sunan tsiron ko dabbar. Mai gasa burodi a unguwa shi ma a tambaye shi ya nuna kwalin da ya ɗebo man, tunda burodinsa ba ya zuwa da rubutu.