Pascal bai san sunan gwaggona ba

Shekara huɗu ina kare Pascal a fadarmu ta Birni, har abokaina suka laƙaba mini Malam Begin. Da shi na koyi rubuta firogiram, a kan shuɗin allon nan na Turbo Pascal 7 wanda kamfanin Borland ya fitar tun 1992. Yau na bar shi na koma Python, kuma ban zo neman afuwar kowa ba.

Abin da ya raba mu adashi ne. Gwaggona uwar adashi ce a Garin Malam, littafinta ya cika ya yage. Wata rana ta ce mini, "Kai ɗan nan, wannan ordinatar taka ba ta iya riƙe mini lissafi?" Na ce Gwaggo, kafin la'asar an gama. Lissafin ya fita daidai. Da na zo kan sunaye sai na tsaya cak: Faɗima, Ruƙayya, Ƴar Baba. Turbo Pascal yana ajiye kowane harafi cikin bayit guda, wato gurbi 256 ke nan, kuma a ciki an ba é da è da ç mazauni, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Na rubuta Fadima da Rukayya na kai mata. Ita da ta yi yaƙi da jahilci da Hausa ta duba ta ce, "Waɗannan su wane ne?"

Na san amsar da za ku ba ni: a cire ƙugiya, ai kowa zai gane. To, da ƙarya da karya abu ɗaya ne? Da baƙi da baki fa? Tuni takardun haihuwa suka mayar mana da Ruƙayya Roukaya, mun haƙura. Yanzu kuma mu da hannunmu za mu koya wa na'ura ta ci gaba da wannan aikin? Tun 1999 gwamnatin Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa da waɗannan haruffa, kuma a watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai ga shi muna cin jarrabawa da kayan aikin da ba ya iya rubuta kalmar ƙasa.

Python kuwa, wanda Guido van Rossum ɗan Holan ya fitar a 1991, tun fitowar kashinsa na uku a 2008 yake ɗaukar kowane rubutu da tsarin Unicode. Ka sa ƙ, ka ce ya mayar da ita babba, ya ba ka Ƙ. Ba roƙo, ba dabara. A wayata ma yake gudu, abin da duk wanda ya zauna Damagaram lokacin da aka yanke mana kuran daga Najeriya a 2023 ya san darajarsa.

Ba na cewa waliyyi ne. Ran farko da na ce ya jera sunayen, sai ya tura Ƴar Baba can bayan Zainabu, don shi lambar harafi yake bi. Sai da na rubuta masa jerin baƙaƙenmu da kaina. Wata rana kuma na manta ban mayar da abin da aka shigar lamba ba, na ninka 5000 sau uku, ya amsa mini da 500050005000 ko kunya babu. Jikka goma sha biyar ta zama dukiyar Ƙaruna! Pascal da bai bari ma firogiram ɗin ya tashi ba. Niklaus Wirth ya gina shi a 1970 don ya hori ɗalibi, ka faɗi irin kowane abu kafin ka taɓa shi, kuma wallahi wannan horon yana jikina har yau. Allah ya saka wa mushen da ya koya mana.

Masu kare shi za su ce akwai Free Pascal da Lazarus, kyauta ne, kuma suna karɓar Unicode. Gaskiya ne, na gwada. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, mutum nawa a cikinku aka taɓa nuna wa su? Fotokwafin darasin da ke yawo hannunmu na shuɗin allo ne, ana kwafarsa daga na wa zuwa na ƙane har rubutun ya dushe. Wanda ya ce Python na sa lalaci, ya zo ya zauna da littafin gwaggona, ya rubuta mini Faɗima da Turbo Pascal ɗinsa ina kallo. Ita dai ta karɓi sabuwar takardarta ranar Juma'a, ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta ce saura in ƙara mata gurbin masu latti.