Harsunan Da Ke Shiru A Kudancin Kano



Duk shekara idan ranar 21 ga Fabrairu ta zagayo, ranar da hukumar UNESCO ta ware wa harshen uwa, kukanmu ɗaya ne: Turanci na cinye Hausa, 'ya'yanmu ba sa iya jera magana sai sun cusa baƙuwar kalma. Kukan yana kan hanya. Amma akwai wani kukan a cikin jiharmu da ba mu cika saurara ba, kuma a wannan karon harshenmu ne ke cinye na wasu.

Wanda ya bar Kano ya nufi kudu, ya ratsa Bebeji da Kiru, ya karya a Kwanar Dangora ya wuce Tudun Wada, ya keta dajin Falgore har ya kai Doguwa, zai tarar ba Hausa kaɗai ake yi ba. A ƙasar Doguwa, wajen duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, akwai Kurama, waɗanda ke kiran kansu Akurmi, da harshensu na gado da 'yan uwansu a ƙasar Lere ta jihar Kaduna. A rugagen da ke kewaye da dajin kuma Fulatanci ne harshen gida. Su ma Kanawa ne, nan aka binne kakanninsu.

To me ke faruwa? Kasuwa Hausa, makaranta Hausa da Turanci, wa'azi Hausa, fim da waƙa a waya Hausa. Yaro ya taso ya ga harshen gidansu bai wuce ƙofar gida ba. Ya buɗe baki a cikin sa'o'insa, a yi masa dariya a ce yana gwaranci. Daga ranar ya fara jin kunyar abin da ya tsotsa a nono. Kaka ta yi masa magana da yarensu, ya mayar mata da Hausa. Shi yana ji ba ya mayarwa, ɗansa kuwa ko jin ba zai yi ba.

Asarar ba ƙarama ba ce. Dattijon Bafulatani yana da suna ga kowace saniya bisa launinta da ƙahonta, ya san ciyawar da ke ƙara nono da wadda ke kashe dabba, kuma da Fulatanci ya adana wannan ilimi. Tarbiyyar kunya da kara da ardo da iyaye ke ɗora matashi a kai, da wannan harshe ake yin ta. Matashin da ya daina jin harshen dattawansa, da wuya ya ji tsawatarwarsu, kuma kowa ya san halin da dazukanmu ke ciki.

Kada wani ya ce harshe ba ya mutuwa. Auyokanci da Shiranci da Teshenanci sun mutu a nan maƙwabtanmu, jama'arsu sun koma Hausa, kuma Auyo tana cikin jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Gidajen Fulanin da suka karɓi mulkin Kano bayan jihadi ma, yau Hausa suke yi.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma ta janye ta koma Turanci. Idan Hausa mai miliyoyin baki ta ji zafin wannan, ina ga Kuramanci?

Babu wanda ya ce kowa ya bar Hausa. Ita ce ta haɗa manomin Kiru da makiyayin Falgore a kasuwa ɗaya, kuma alheri ce. Amma yaro na iya riƙe harshe biyu har uku ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Don haka muna kira ga gidajen rediyon Kano su ware wa Fulatanci da Kuramanci lokaci a kowane mako, su kuma masana harsuna na Jami'ar Bayero su je Doguwa su naɗi muryoyin tsofaffi tun suna raye. Iyaye, ku yi wa 'ya'yanku magana da harshenku a gida. Mu kuma Hausawa, mu hana yaranmu yi wa mai wani harshe dariya.