ƊAN AREWA A IKKO: INA AMFANIN ZAMA BA GANIN GARI?

Akwai 'yan Arewa da yawa waɗanda suka shekara ashirin ko talatin a birnin Ikko, amma in aka bincika abin da suka sani na garin, ba zai wuce hanyoyi uku ba, watau ta kasuwa, da ta masallaci, da ta tashar motar gida. Mutum ya san kuɗin kwandon tumatir a Mile 12, ya san na rago a Alaba Rago, ya san lungunan Agege da Idi-Araba sarai, alhali kuwa ƙafarsa ba ta taɓa taka Gidan Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan ba. Baƙi kuwa sukan ƙetaro teku don su ga abin da ke cikin gidan nan. Wannan sakaci ne, kuma ya kamata a faɗe shi a fili.

Abin da ɗan Arewa zai fara sani shi ne, ba kayan wasu zai je kallo ba. Gidan nan na Onikan, wanda wani Bature mai suna Kenneth Murray ya kafa a 1957, na Gwamnatin Tarayya ne, saboda haka na kowane ɗan Nijeriya ne. Cikin abubuwan da ya fi alfahari da su akwai kan mutum na yumɓu wanda ake kira Kan Jama'a, na mutanen Nok na dā, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Wurin haƙar kuza aka tono shi, har wani ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun Bernard Fagg a Jos. Masana sun ce ya haura shekara 2,000, watau ya girmi tagullar Ife da ta Bini nesa ba kusa ba. A gidan nan ne kuma aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, da hudojin harsashi a jikinta. Yaron Agege yana riƙe takardar Naira 20 kullum, ga hoton Murtala a gaba, ga na Ladi Kwali maginiyar tukwane a baya, amma ba wanda ya taɓa gaya masa ko su wane ne.

Daga Onikan sai Iganmu, inda babban Gidan Wasanni na Ƙasa yake. An gama ginin a 1976 don bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi a 1977, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna. A 2024 aka sa wa gidan sunan Wole Soyinka. Mai sha'awar zane zai tsaya ya dubi adon da Erhabor Emokpae ya kewaye ginin da shi. Ya kuma kyautu ya san cewa manyan masu zanen da Kudu ke taƙama da su, irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke da Demas Nwoko, a Zariya suka yi karatu. A can suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa ba, za su koma ga fasahar gida. To, ashe ruwan da Ikko ke sha, a Zazzau aka haƙa rijiyarsa.

Har ila yau akwai batun aljihu. A Lekki akwai gidan zane-zane na Nike Davies-Okundaye, mai hawa-hawa, cike da hotuna da sassaƙa da rinannun zannuwa na adire. Bakanon da ya san marinar Ƙofar Mata, da ya gan su zai gane aikin shuni ne. Ba nisa da nan akwai kasuwar kayan hannu, inda 'yan Arewa ke sayar da jakunkunan fata da takalma da faya-fayi. Bambancin wuraren biyu shi ne, a gidan zane ana rubuta sunan mai aiki a jikin aikinsa, a nan kuwa darajarsa take hauhawa. A kasuwa kuwa aikin badukun Kano ko na Sakkwato ba shi da suna, sai ciniki da rangwame. Mai sana'ar da bai taɓa ganin yadda ake girmama aikin hannu ba, zai daɗe yana sayar da gwanintarsa a kuɗin kayan miya.

Wasu za su ce ai gidajen nan na gumaka ne, bai dace Musulmi ya shiga ba. Wannan magana ba ta raini ba ce, amma kallo daban, bauta daban. Wanda ya dubi abin da mutanen dā suka bari don ya san yadda suka zauna da yadda suka ƙare, wa'azi ya samu. Wanda kuwa zuciyarsa ba ta natsu ba, to, ya fara da Masallacin Shitta-Bey a Titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, ya ga irin ginin da mutanen da suka komo daga Barazil suka kawo. Saboda masallacin nan ne Sarkin Istambul Abdulhamid ya ba Muhammadu Shitta sarautar Bey. Ya kuma tuna cewa Hausawa ba jiya suka zo garin nan ba: tun 1863 Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko, wadda daga cikinta sojan Nijeriya ya samo asali.

Abin da ba a kula da shi, ɓarawo ne ke kula da shi. Sojan Ingila sun kwashe tagullar Bini a 1897, mutanen Bini kuwa ba su daina nema ba har Jamus ta fara mayarwa a 2022, Holan ta mayar da guda 119 a 2025. Kayan Nok fa? An yi ta tono su a ɓoye ana kai su kasuwannin Turai, musamman a shekarun 1990, amma muryoyin da suka tashi daga Arewa ba su taka kara sun karya ba. Mutum ba ya kukan abin da bai san yana da shi ba.

Saboda haka nauyi yana kan Sarakunan Hausawa na unguwanni, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da malaman makarantun Islamiyya. Mota ɗaya a kowane zangon karatu, ko a washegarin Salla, ta isa ta kai yara Onikan ta komo da su. Ita kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ya kamata ta rubuta bayanan kayan da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, ta kuma ajiye tafinta, domin Turanci kaɗai yana mayar da mai gida baƙo a ƙofar gidansa.

Yaran da aka haifa a kurmi su ne abin ji. Arewa ta yi musu nisa, Kudu kuwa ba a nuna musu ita ba. In iyaye ba su kai su inda za su ga tushensu da na maƙwabtansu ba, titi ne zai yi musu bayani. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah Ya sa a gane.