Dropshipping: dillanci ne ko cinikin biri a sama?

1/
Zare 🧵 Kwanan nan duk inda ka leƙa, WhatsApp ko TikTok, sai ka ga wani yana cewa "zo ka koyi dropshipping, sana'ar da ba ta buƙatar jari". Matasanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar sun fara rububi. Kafin ka tura kuɗin aji, ɗan tsaya mu warware kalmar.

2/
Kalmomi biyu ne na Turanci aka haɗa. Drop na nufin saukewa ko ajiyewa. Shipping kuma, duk da asalinta daga jirgin ruwa ne, a bakin 'yan kasuwa tana nufin aika kaya ta kowace hanya, ko da a bayan babur ne. Wato mai kaya ya sauke wa mai saye kai tsaye.

3/
Ga yadda take tafiya. Mutum uku ne: mai kaya, kai, da kwastoma. Ka ɗora hoto, kwastoma ya biya ka, ka cire ribarka ka tura wa mai kaya sauran tare da adireshi, shi ya aika. Kayan ba su taɓa shiga hannunka ba. Ba shago, ba sito. Iyakar ma'anar ke nan.

4/
Amma yanzu komai an maƙala masa sunan. Wadda ta saro atamfa a Kantin Kwari ta ajiye a ɗaki tana sayarwa ta sitatus, sari take yi. Wanda ya tara kuɗin mutane ya yo oda daga Sin, kaya suka iso hannunsa ya rarraba, shi ma ba ita yake yi ba. Muddin kaya sun kwana wurinka, ka fita daga ma'anar.

5/
A Amurka da Turai yawanci mutum zai buɗe shago a Shopify, ya jawo hotunan kaya daga AliExpress, ya biya Facebook kuɗin talla. Tsarin ya dogara da adireshin gida tsayayye da kamfanonin kai kaya ƙofa-ƙofa. Mu nan adireshinmu "bayan masallacin Juma'a", mai kai kayanmu kuma direban tasha.

6/
Ra'ayina: wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu. Dillanci ne aka sa masa riga da wando. Je ka kara a Maigatari ranar Alhamis ka gani. Dillali bai da sa ko ɗaya a cikin garken, amma ta bakinsa ciniki ke faɗawa, ya karɓi la'adarsa ya yi gaba.

7/
Sai dai akwai abin da dillalin kara yake da shi wanda masu koyarwar intanet ba sa ambata. Ya san mai dabba, ya san garinsu, sau da yawa ma a gidansa baƙon ya sauka. Ya duba haƙori, ya taɓa doro. In gobe aka ce san nan na sata ne, wuyansa za a fara kamawa, kuma ya san da haka.

8/
To wannan tsayawar ita ce jarinsa. Shi ya sa nake cewa maganar "ba jari" yaudara ce. Jarinka sunanka ne. Kwastoma bai san mai kaya ba, lambarka ya sani, asusunka ya tura wa kuɗi. In kaya suka zo ba daidai ba, ba wanda zai je Guangzhou neman kowa. Gidanku za a zo sallama.

9/
Mu yi lissafi na misali. A ce mai shago a Kano ya ba ka takalmi a ₦10,000, ka sa ₦12,000. Ribarka ₦2,000. Ka sayar da biyar, ₦10,000 ta shigo. Na shida ya zo da lamba ba daidai ba, mai shago ya ce ba ya karɓar kaya in sun fita. Ka mayar da ₦12,000. Ina ribar biyar ɗin? Ba a ma sa data da kuɗin mota ba.

10/
Kuma farashi ba a hannunka yake ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da ₦500 a farashin gwamnati ta haura ₦1,500 a 2024. Ka faɗa wa kwastoma kuɗi da safe, da yamma mai kaya ya ce an ƙara. Wa zai cika giɓin? Kai.

11/
Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin cewa hanya ma ba ta da tabbas. An rufe boda a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe Maigatari tare da Seme da Illela da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024.

12/
Ka ɗauka ka karɓi kuɗin mutumin Dungas ko Magarya ana gobe za a rufe. Kaya na hannun wani, kuɗi ka riga ka tura, hanya ta toshe. Mai shago ko ba komai kayansa na nan a kanta. Kai fa? Bashi kawai da kiran waya.

13/
Wani kuskuren da nake ji: wai tunda akwai yankin ciniki maras haraji a Maigatari, kayan ciki araha ne, a ɗauko a watsa a sitatus. Ba haka dokar take ba. A tsarin hukumar NEPZA, sassaucin na cikin yankin ne da kayan da za a fitar waje. Da zarar sun shigo kasuwar Najeriya, kwastan na da haƙƙinta.

14/
Sai ɓangaren addini, wanda bai kamata a tsallake ba. Malaman fiƙihu sun daɗe suna magana kan hanin sayar da abin da ba ka mallaka ba. Amma sun kuma bayyana ƙofofi: wakilci, inda mai kaya ya san da kai ya yarda ka sayar masa a ba ka lada, da kuma salam, mai sharuɗɗansa na siffanta kaya da biyan kuɗi da yanke lokaci.

15/
Ka ga ke nan satar hoto daga shafin wani, ka ce "akwai" alhali ba ka ma tambaya ba, bai shiga ko ɗaya ba. Wannan cinikin biri a sama ne. Ka zauna da malamin da ya san babin ciniki, ka faɗa masa yadda kake yi dalla-dalla, ba a dunƙule ba.

16/
Na san wasu za su ce ina kashe wa matasa gwiwa. A'a. Akwai ɗalibai da matan aure da wannan hanya ta rufa wa asiri, da waya ɗaya suke sayen sabulu da biyan kuɗin makaranta. Iyayenmu mata ma daga cikin ɗaki suka yi ta juya kuɗi. Ba sana'ar nake suka ba, yadda ake tallarta nake suka.

17/
Ka lura da wani abu: mai cewa ka biya shi ya koya maka sirrin, in sirrin na kawo miliyoyin da yake faɗa, me zai sa ya tsaya karɓar dubu biyar-biyar? Sau da yawa kai ne hajarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

18/
In za ka yi, yi irin na dillalin kara. Ka san mai kayan ido da ido, ka taka ka ga shagonsa. Ka sayi ɗaya ka riƙe a hannu kafin ka tallata. Ku yi magana tun farko: in kaya suka lalace a mota, wa zai ɗauka? In aka dawo da su fa? A rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne.

19/
Sannan ka faɗa wa kwastoma gaskiya: "Kayan ba a hannuna suke ba, daga Kano za a saka a mota, kwana biyu." Wanda ya san haka ya saya, ba zai kira ka ɗan damfara ba in an samu jinkiri. Wanda ka ɓoye wa, shi ne zai ɗora hotonka a Facebook.

20/
Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Me ya sa kullum mu ne masu tallata kayan wasu? A wannan cinikin mai kaya shi ne sarki. Mu kuwa a masarautar Gumel muna zaune kan riɗi da zoɓo da dabbobi, waɗanda 'yan kasuwa ke zuwa takanas daga Kano da Kudu su saya.

21/
Saurayin da zai iya tsayawa a kara ya ɗauki bidiyon rago, ya faɗi ainihin girmansa ba ƙari, ya sa a mota zuwa Abuja ko Legas gab da Babbar Sallah, ya kuma amsa waya in an samu matsala, ya fi mai tallan agogon da bai taɓa gani ba makoma. Shi ya san hajarsa, kuma tushenta na ƙofar gidansu.

22/
Ku kira ta dropshipping in kuna so, sunan ba ya cizo. Amma duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ɗauki amana, ko kaya sun bi ta hannunsa ko ba su bi ba. Masu yi a cikinku, ku faɗa mana a ƙasa: ranar da kaya suka zo ba daidai ba, wa ya biya?