Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi

Duk lokacin da salla ta ƙarato, mawaƙanmu na zamani sukan shiga zarya tsakanin situdiyo da masu ɗaukar hoto. Waƙar da aka yi wata uku ana gyaranta, sai a ce a yi mata kilip cikin kwana biyu, don ta riga ta wane fita a talabijin da wayoyin jama'a. Abin da ke fitowa kowa ya san shi: motar aro, farfajiyar otel, samari huɗu da baƙin tabarau, ƴan mata na rausaya. Ko waƙar ta yabon manoma ce, ko ta jan kunne kan auren wuri, ko ta begen masoyi, hoton dai guda ne. In ka yi magana, mai ba da umurni ya ce maka ba kuɗi, ba lokaci.

Wannan hujja ba ta karɓuwa a ƙasar da ta haifi Umaru Ganda da Mustafa Alasan. A 1972 fim ɗin Ganda, Le Wazzou polygame, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. A zamaninsu zaren fim tsada gare shi, kuma sai an kai shi Turai a wanke kafin mutum ya ga abin da ya ɗauka. Shi ya sa ba su kunna kamara sai sun san abin da suke nema. Yau wayar da ke aljihun ɗan makaranta tana ɗauka ta nuna nan take. Kayan aiki sun yi sauƙi, tunani ne ya yi tsada.

Ba mu musun cewa talauci gaskiya ne. Sau da yawa mawaƙi daga aljihunsa yake biya, kuma waƙar na fita za a yi ta tura ta waya zuwa waya ba tare da ko dala ta komo masa ba. Amma ai mai ƙaramin zane shi ya fi kamata ya auna kafin ya yanka. Akwai aikin da ba ya cin ko tamma: mai ba da umurni ya saurari waƙar har ya san inda take hawa da inda take sauka, ya rubuta a takarda hoton da zai raka kowane baiti, ya je ya dubo wurin tun jajibiri, ya ɗauki hotonsa da sanyin safiya ko bayan la'asar, domin ranar tsaka takan zuba inuwa a idon mutum ta ɓata fuska. Wanda ya yi haka, yini guda ya ishe shi waƙar minti huɗu. Wanda bai yi ba, ko mako aka ba shi, a wurin haɗa hoto zai tarar da bakin mawaƙi na gabas, murya na yamma. In kuwa wa'adin ya kasa ko da wannan ɗan shiri, mai sana'a na gaske ya ce a dakata. Sauri ya haifi nawa.

Mugun abin da gaggawa ke haifarwa shi ne kwaikwayo, don mai sauri abin da ya gani jiya yake maimaitawa. Finafinan Kano, waɗanda muke kira dandalin soyayya, sun aro rawar lambu daga Indiya, mu kuma muka aro daga gare su. Ƴan raf namu suka aro sarƙa da mota daga Amurka. Alhali ga duwatsun Damagaram da zanen gidajen Birni, ga tafkin Madarumfa, ga filin kokowa, ga kasuwar dabbobi, ba mai neman kuɗin haya. Tun 1966 Mustafa Alasan ya yi mana hannunka mai sanda a Le Retour d'un aventurier, inda saurayi ya komo daga tafiya da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hana ƙauye sakat. A 2024 an sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai sunansa. Mun ɗauki sunan, darasin fa?

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, laifin bai tsaya kan masu kamara ba. Yaranmu sun fi kallon kilip bisa karanta littafi, amma ba wanda ke koya masu karatun hoto. Malami ya kawo kilip guda cikin aji, ya kashe sauti, ya tambayi yara me waƙar ke cewa. In sun kasa, sun gane da kansu cewa hoton bai yi aikinsa ba. Ƙungiyoyi kuma, a Maraɗi, Damagaram da Tawa, su shirya gasa a gidajen matasa, da sharaɗin kowa ya kawo tsarinsa a rubuce kafin ya taɓa kamara. Waƙa ta mawaƙi ce, amma hoton da ke yawo da ita fuskar ƙasa ce, kuma shi jikokinmu za su duba su ce haka muke.